Haƙarƙarin Staf

Godelieve 'yar mahauci ce a birnin Gent, kuma tun tana ƙarama ƙashi ya fi nama burge ta. Da ta girma sai ta zama malamar zane, ta shekara talatin tana koya wa ɗalibai cewa wanda bai san kwarangwal ba, buhu kawai yake zanawa. Ko a motar haya ta zauna, ƙoƙon kan mutane take kallo. Mijinta Staf ma, ta ce kyan allon kafaɗarsa ta fara so kafin ta ji sunansa.

Al'adar ajinta ita ce, a ƙarshen zango mutum ya tuɓe riga ya tsaya kusa da kwarangwal ɗin makaranta, ita kuma ta bi jikinsa da baƙin alli tana shata duk inda ƙashi ya taɓo fata. Staf ne ke tsaya mata tun suna ango da amarya. Da can mai jiki ne, mai son giya da soyayyen dankali, sai ta danna yatsa da ƙarfi kafin ta laluɓo haƙarƙari, yana dariya yana cewa cakulkuli take masa. Bana kuwa ya rame, ita kuma murna ta yi ta yi. Har a ɗakin malamai ta yi alfahari cewa tsohon nata ya zama allon karatu.

Da ranar ta zo, ɗalibai suka kewaye shi da takardunsu da gawayin zane. Ta shata ƙashin wuya, ta gangara kafaɗa. Ko dannawa ba ta yi, komai a fili yake.

"Malama," in ji Femke, wata ɗaliba mai bakin tsiya, "wanne za mu zana? Na ga kamar wa da ƙane ne."

Aji ya kwashe da dariya. Staf ma ya murmusa, amma allin ya tsaya a hannun Godelieve. Ta dubi kwarangwal, ta dubi mijinta. Ta tuna abincin da yake turewa yana cewa ya ci a waje, da sabuwar hudar da ya yi wa bel ɗinsa, da kekensa da ya daina hawa.

"Ci gaba mana, Lieve," Staf ya ce a hankali, da sunan da yake kiranta a gida. "Sanyi nake ji."

Ta ci gaba, don ido ya yi mata yawa. Ta bi haƙarƙarin dama ɗaya bayan ɗaya, muryarta na faɗin sunayensu kamar ta wata. Can ƙasa yatsanta ya hau wani ƙullutu mai tauri. Ta san jikin nan fiye da tafin hannunta, kuma ta san babu ƙashin da Allah ya ajiye a wurin. Ta ɗan danna. Staf ya ja numfashi ta haƙora, ya kafe idonsa a bango.

"Wannan fa, Malama?" wani ya tambaya. "Babu shi a jikin kwarangwal."

"Ku ajiye gawayinku. An tashi."

Ba wanda ya taɓa jin ta tashi aji kafin lokaci. Suka fice sumsum, har da Femke.

Ta ɗauko rigarta ta sanyi ta lulluɓa masa. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga nata yana zuba a kanta wata da watanni tana yabon ruwan.

"Tun yaushe, tsohon banza?"

"Tun bazara. Likita ya ce ranar Litinin zai faɗa min abin da suka gani."

"Shi ne ka ɓoye min?"

"Ɓoyewa? Kullum gabanki nake tuɓe riga." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. "Na zaci kin gani kin yi shiru ne don kar ki tsorata ni. Ke da ba ƙashin da ke ɓoye miki."

Ta jiƙa tsumma ta fara goge baƙin allin daga ƙirjinsa, layi bayan layi, tana kauce wa wurin nan.

"Na gani, Staf," ta ce. "Har yabawa na yi."