Muttaka da Akwatin Fitilu

Wata huɗu Muttaka ya yi a Maradi yana riƙe wa wani mai gyaran lantarki tsani, ya dawo Tasawa da sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa. Kafin nan ya sayar da batir a tasha, ya kuma gwada gyaran rediyo har masu rediyon suka daina gaishe shi. Yanzu ya haura arba'in, kullum cikin doguwar riga mai guga, in ana hira a majalisa ba ya bari kowa ya kai ƙarshen magana.

Rabi'atu ɗiyar ƙanen mahaifinsa ce, tela, ita ke jagorantar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarsu. Da aka ba ƙungiyar kyautar manyan fitilu takwas da akwatin da ke ƙara haskensu yana ragewa, babanta ya ce, "Ga ɗan'uwanki, me za ki nema a waje?" Ta san halinsa sarai, amma ta ba shi aikin.

Saura kwana biyu su yi wasa a bikin rufe lakwal, wato makarantar boko, suka shiga zauren taro da la'asar don gwaji. Bazara ce, an toshe tagogi don a ga hasken, kowa sai zufa yake. Muttaka ya zauna bayan akwatin kamar direban jirgi, ya lulluɓe shi da bargo wai kada ƴan wasa su taɓa masa. Ya tura maɓalli sama. Haske ya cika dandali, can sai tas, fitilu biyar suka mutu.

"Fizibil ne," in ji shi, ya zaro ƴar kwalbar nan mai siririyar waya a ciki, wadda ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Ya sa wata, ta ƙone. Ya sa ta uku, ita ma haka.

"Yaya Muttaka, me ke ƙona su?"

"Kayan zamani ne, ba ƙwari. Ke dai ji da ƴan wasanki."

Ya zagi masu ƙera akwatin, ya zagi wutar gari, har ya ce akwai mai baƙin ido a zauren. Daga nan ya yanko wayar tagulla mai kauri, ya cusa a gurbin fizibil, ya dubi jama'a yana murmushi. Fitilu suka kama. Ba a jima ba Rabi'atu ta ji wani ƙauri da ta sani, irin wanda injin kekenta ya yi ranar da ya ƙone. Ta tsallake benci, ta kashe wutar zauren gaba ɗaya.

"Wa ya aike ki?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta sa aka buɗe tagogi, ta yaye bargon. Akwatin ba ya taɓuwa don zafi. Da ya huce ta leƙa bayansa, sai ga zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a jikin ƴar fankar da ke sanyaya shi, ko motsi ba ta yi. A gefe kuma ga lamba a rubuce, kowane layi ƙarfin wuta dubu biyu yake ɗauka. Ta duba fitilun, kowace dubu ɗaya take ja. Layi shida ne da akwatin, amma Injiniya ya jibga fitilu biyar a kan guda, don igiyar da ya jawo ba ta kai sauran ba, kuma ya ji ƙyuyar ƙarawa.

"Shekara nawa kana wannan aiki, Yaya, ba ka taɓa karanta abin da ke gabanka ba?"

"Ai da ma can zan zo," in ji shi.

Ta kankare lakar da tsinke, ta zare wayarsa ta jefar ta taga, aka samo fizibil na gaske. Ƴan wasa suka ƙara igiya, aka raba fitilun bibbiyu. Ranar biki aka yi wasa har ƙarshe, fitila ko ɗaya ba ta ƙyafta ba.

Washegari labari ya iske ta a shago, wai Muttaka na majalisa yana bayanin yadda ya gano ɗakin zanzaro da kunne kawai. Ta ja tsaki, ta ci gaba da taka keke. Da aka gayyaci ƙungiyar wasa a Mayahi, ya iso tasha da jakarsa tun da safe. Rabi'atu ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, ta ce ya yi haƙuri, mota ta cika. A kujerar da ta rage ganguna aka ɗora.