Bishiyar Tuffar Baba Lojze

Shekara talatin da ɗaya Baba Lojze ya yi yana aikin gyaran titi. Da rani ya cike ramuka, da hunturu ya watsa gishiri a kan ƙanƙara. Da ya yi ritaya sai ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, shi ke nan ya mallake gangaren da ya bi ta ƙofar gidansa. "Titina" yake ce masa, ko a gaban wa.

Ni Bojan, ni ne direban ƙungiyar masu tseren kan dusar ƙanƙara ta garinmu, ni ne kuma mai gyaran kaya. Kowace kaka, kafin dusar ta sauka, mukan fitar da 'yan wasa doguwar tafiya ta cikin ƙauyuka, kilomita sittin a kan rolka. Ɗan ƙarfe ne mai taya ɗaya gaba ɗaya baya, ka ɗaura a kowace ƙafa, kana tunkuɗa kanka da sanduna. Birki kuwa babu. Tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da taya, mai ita kuma ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Duk hanyar babu inda ake gudu kamar gangaren Baba Lojze. A ƙarshensa akwai bishiyar tuffa da matarsa Milka ta dasa shekarar aurensu, rassanta sun leƙo kan kwalta. Milka ta shekara takwas da rasuwa, amma har lokacin in ya miƙo maka tuffa sai ya ce, "Ungo, Milka ta ce a ba ka." Ana gobe za mu fita nakan buga masa waya, shi kuma ya share gangaren nan tas da tsintsiyarsa mai dogon hannu, ya tsaya bakin hanya da kwando yana jiranmu.

"Bojan, kai dai kullum a mota?" in ji shi. "Yara na zuba gumi, kai kana kiwon tumbi."

"Haba Baba, ai dole wani ya ɗauko ruwan sha."

"To ka ɗauko a ka mana, mu ga jarumtar!"

Ranar da abin ya faru, da safe na canza wa Tinkara tayoyi. Ita ce gwanar ƙungiyar, shekararta sha tara, an sa ran a hunturun nan za ta shiga gasar ƙasa. Na murɗa notin tayar gaba da yatsu, na juya neman sifana, sai aka kira ni a waya. Ban sake komawa kansa ba.

Daidai gindin bishiyar Tinkara ta faɗi, ƙashin kafaɗarta ya karye. Ana ta kanta, ni kuma na tsinci rolkar a cikin ciyawa, tayar gaba ta fice. Notin yana can gefe, lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Ina ganinsa na san ba buguwa ce ta cire shi ba. Na jefa shi aljihu.

Kocinmu Marjan kuwa idonsa ya faɗa kan tuffa guda ɗaya da ta fashe a bakin kwalta. Ya yi kan tsohon nan da faɗa kamar zai haɗiye shi.

"Dattijo, ka ga aikin bishiyarka? Ka kashe wa yarinya shekara!"

Baba Lojze ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Na share, ɗana. Sau biyu na share."

Da ma shiru na yi, da da sauƙi. Sai na dafa kafaɗarsa na ce, "Kada ka damu, Baba. Iska ce, wataƙila ta kaɗo ɗaya bayan ka gama." Har godiya ya yi mini. Laifi tudu ne, na taka nawa na nuna masa wanda ba nasa ba, kuma har yau in na tuna godiyar nan kunya kamar ta kashe ni.

Tinkara ba ta yi gasa ba a hunturun. Ta warke daga baya, ta dawo. Notin kuwa na cikin aljihun rigar aikina, kullum hannuna sai ya ci karo da shi.

Da kaka ta zagayo na buga masa waya kamar kullum. Washegari na riga 'yan wasan isa gangaren. Titi fes, Baba Lojze na tsaye da tsintsiya, babu kwando. Inda bishiyar take sai kututture.

"Baba, wa ya sare ta?"

"Ni mana. Sati ɗaya bayan kun tafi. Milka ba za ta yarda a ce itacenta ya karya 'yar mutane ba." Ya sunkuyar da kai. "Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa faɗuwa a titina. Tsufa ne, Bojan, ido ya tafi."

Na ciro notin na ɗora masa a tafin hannu. Na gaya masa komai, har da wayar, har da sifanan da ban ɗauko ba. Na tsaya ina jiran zagi, kai ko tsintsiyar ya kwaɗa mini da na ji daɗi.

Ya daɗe yana jujjuya notin da yatsa. Can sai ya ɗago, fuskarsa ta washe kamar ta wanda aka sauke wa kaya.

"Ashe dai na share da kyau," in ji shi.

Daga saman tudu muka fara jin ƙarar sandunan yara a kan kwalta. Ya juya wajen da yake ajiye kwandon, ya miƙa hannu, sai ya tsaya yana kallon kututturen.