Malam Ilyasu ya rasu, saura babi ɗaya a littafinsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye a unguwar Adjamé ina jiran gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, aka kira ni, wai Malam Ilyasu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa a Saint-Michel. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Shi ne malamina a sashen tarihi, shi ya duba aikina na digirin dakta.

Makon jiya fa sashenmu ya liƙa sanarwa: mu uku ɗalibansa mun kare aikinmu, kuma an karɓi littafinsa a kan 'yan goron unguwar Treichville. Har yanzu mutane na turo min barka.

Ni haifaffiyar unguwar Bromakoté ce, na zo masa da Hausa rabi Faransanci. Ya yi min dariya son ransa, sannan ya zaunar da ni kan kaset ɗin hirarrakinsa da tsofaffi har kunnena ya buɗe. Wannan rubutun ma albarkacinsa ne.

Malam yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu haushi. Ba ya barin a buga maganar kowa sai ya koma gidan mutum ya karanta masa da Hausa, mutumin ya ce haka ne. Shi ya sa littafin bai tafi wurin bugu ba. Saura babin Hajiya Dije, tsohuwa mai goro a Treichville, wadda idonta ya tafi. Ta manta sunan madugun da ya kawo iyayenta garin nan, Malam ya ce a jira ta tuna.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Talata ce, bakin kasuwar Marché Gouro, yana riƙe da ledar ayaba. Na ce, "Malam, a buga haka mana, suna ɗaya ne kawai ya rage." Ya ce, "Dakta Rabi, sunan mutum ne fa. Doucement, a hankali."

Na tafi ina gunaguni. Ko sallamar kirki ban yi masa ba, abin yana cina.

Ɗazu da hantsi wayata ta yi ƙara. Jikar Hajiya ce, ta miƙa mata. Ba su ji rasuwar ba tukuna.

"'Yata, wayar Malam ba ta shiga. Ki ce masa na tuna. Ya zo da takardarsa."

Na ɗauki biro na ce ta faɗa min sunan, na rubuta a bayan hannuna. Ta ce, "Ba ke za ki karanta min ba dai ko? Shi nake so."

Na ce mata ina nan zuwa bayan jana'iza. Ta ce, "Jana'izar wa?"

Allah ya jiƙan Malam Ilyasu, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni ciki, da la'asar zan haye gada zuwa Treichville da babin a jakata.