Ranar da Goggo Ta Mayar da Wanzami

Jiya na ji wanzami yana wasa aska, sai Goggo, uwar mijina, ta faɗo mini a rai.

Ɗana na fari ya shekara uku a gidanmu na Azare bai ce ko "Inna" ba. Aka kira wanzami ya yanke masa linzami a ƙarƙashin harshe. Har ya zaro aska, Goggo ta taso daga bakin murhu, hannunta duk warin daddawa, ta fizge yaron.

"Malam, mayar da askarka. Harshensa lafiya lau. Wa ke yi masa magana a gidan nan?"

Ni kunyar ɗan fari ta hana ni ko kallonsa a gaban mutane.

Ta dube ni. "Ke, kira sunansa."

Goggo, Bafulatanar Gamawa, mai tsawata mana kan kunya, ita ke faɗin haka? Na kira shi. Yaron ya zabura, ya ɓuya a bayan zanenta. Bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

Daga ranar, duk abin da na ɗauka sai ta ce in faɗa masa sunan abin: ludayi, ƙwarya, ruwa. Kafin lokacin kaka, yaron ya ce "ruwa."

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya kira sunanta cikin 'yan Aljanna.