Gari Arba'in na Kakata

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa wuce kasuwar Gaya ba, amma ta mallaki garuruwa talatin da bakwai. A wasan kacici-kacici ta ci su. Ka'idar wasan sananniya ce: in amsa ta gagare ka sai ka ce, "Na ba ki gari," ka ambaci garin, ita kuma ta faɗa maka amsar.

A Toranke muke, a shekarun da gyaɗa ke da daraja. Bayan azahar matan gidanmu da na maƙwabta sukan baje tabarmi a inuwar tsamiya suna ɓarar gyaɗa. A nan Kaka take ware ƙwaya goma a ƙasa ta ce, "Mata goma za su kasuwa. Hanya biyar ce, kowace a miƙe, kowace kuma mata huɗu a kanta. A jera mini su."

Kowa ya san biyar sau huɗu ashirin ne, ga shi mata goma ne kacal. A juya, a sake juyawa, a ƙarshe a ba ta gari. Sai dai wannan ba ta faɗin amsarta. Ta ce daga mahaifiyarta ta gada, kuma ba ta gari ɗaya ba ce. Sai ta cika arba'in za ta soya gyaɗa ta tara kowa ta nuna.

In ta ci gari takan lumshe ido ta shiga cikinsa. Ta ce Haɗejia ruwa ne har bakin zaure, mata na ɗebo kifi da ludayi. Kano kuwa rini ya yi yawa har tantabarunta sun zama shuɗɗa. Mukan daina ɓara mu bi ta, inuwa na janyewa daga kanmu ba mu sani ba.

Ina aji shida a firamare ta Gaya, ina ji da kaina. Wani hutu na hau rumbu ɗebo dawa, sai na hango ta ita kaɗai a bayan ɗaki tana jera ƙwayoyin, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Tauraro ne mai tsini biyar: mace ɗaya a kowane tsini, ɗaya a duk inda hanya ta gitta hanya. Na kwanta a kan jinka na haddace.

Washegari da ta ware goman, na matso na jera su a gaban kowa.

"Lissafi ne kawai," na ce. "A makaranta 'yan aji uku ma sun iya."

Ƙarya na yi. Matan suka sa shewa, wata ta ce, "Iya, yau mijin naki ya ƙwace miki ƙasa!"

Kaka ta dubi tauraron ta daɗe. Sannan ta share shi da gefen hannu ta zuba ƙwayoyin a ƙwarya.

"Ka yi ƙoƙari, maigida," ta ce.

Ba ta sake ware goma ba. Ba a soya gyaɗar ba. Ba mu ƙara zuwa Haɗejia ba.

Sai bayan shekarun fari da yunwa, ina ɗinki a Gaya har na yi aure, na iya komawa da maganar. Idonta ya mutu a lokacin. Na same ta da hantsi tana shan rana a ƙofar ɗaki, na durƙusa na faɗa mata komai, har rumbun.

"Ai na ga inuwarka," ta ce. "Inuwa mai kunnuwa kamar faifai, ta wa ce in ba taka ba?"

"Ki yafe mini, Kaka. Ga gari ukun da suka rage, na ba ki."

"Riƙe kayanka. Garin da aka ba ka bayan an san amsa, ba kowa a cikinsa." Ta laluba bakin zanenta ta kwance gyaɗa. "Jera mini in shafa. Na yi marmarinsu."

Na ƙirga goma na tsuguna. Na sa biyar, na sa shida, hanya ta karkace. Na rushe na sake. Wata hanya mata uku, wata biyar. Abin da na sata da ido hadda ce kawai, ban taɓa fahimtarsa ba, shekaru kuma sun tafi da shi. Har rana ta tashi daga kan tabarmarta ina fama, tana jin motsin yatsuna tana murmushi.

"Na ba ki gari," na ce, wannan karon da gaske.

"Wanne?"

"Gaya."

"Kai, marowaci! Wanda na sani?" Amma ta lumshe matattun idanunta, ta ce a Gaya tata kekunan ɗinki su kaɗai suke aiki, masu su na barci a gindin kuka.

Na ce to ta nuna mini.

Ta tattare ƙwayoyin ta ƙulle a bakin zane.

"Saura biyu," ta ce.