Usur a Gonar Gyaɗa

Shekara huɗu na yi a wani kamfanin roba a Kano muna buga bokiti da silifa, kuma a can na ɗauko mugun hali guda: na daina gaisuwa. Ba laifina ba ne duka. A layinmu akwai Bayarabe, akwai ɗan Tibi, akwai mutumin Maraɗi, kowa ya baro garinsu neman abinci. Jiniya na kaɗawa kowa zai kama injinsa. Ka tsaya tambayar mutum iyali, roba ta ƙone maka. Ni kuwa na ɗauka wannan shi ne wayewa.

Ana cikin haka aka aiko mini daga ƙauyenmu, kusa da Zoza, cewa ƙafar Baba ta kumbura, ga gyaɗa ta nuna a gona. In aka sake yin ruwa ɗaya ba a cire ta ba, tsirowa za ta yi a ƙasa, wahalar shekara ta tafi a banza. Baba ya kira gayya. Ni ma na yi nawa shirin: na tsaya a kasuwar Karaye na sayi usur, irin na alƙalin ƙwallo.

Da safe mutane suka hallara da fartanyoyinsu. Maimakon su shiga gona, sai suka nufi gindin ɗorawa inda aka shimfiɗa wa Baba tabarma, suka dinga durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. Ina kwana, ya jiki, ya iyali, ya ƙafar. Ina duban agogo, ina duban gabas inda hadari ke haɗuwa, raina yana ɓaci. Wani dattijo Bafulatani, aminin Baba tun suna samari, ya kai kan tambayar lafiyar jakinmu ke nan, na cika baki da iska na hura.

Gaisuwa ta katse. Wani har ya waiga ko 'yan sanda ne.

Na ce, "Jama'a, lokaci! Kowa ya kama kunya biyu. Gaisuwa sai an tashi."

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ɗana, mu wurin mahaifinka muka zo. Ashe kamfani ne ya kira. To, ba mu da katin shiga."

Ya saɓa fartanyarsa. Sauran suka bi shi, ba faɗa ba zagi, har suna yi wa Baba Allah ya ƙara sauƙi. Aka bar ni da ƙwarya shida ta fura da gona guda.

Na tuɓe riga na shiga ni kaɗai don a san na isa. Zuwa azahar na cire kunya uku, tafin hannuna ya yi bororo. Baba ya ɗago daga tabarma ya ce, "Hura wa gyaɗar mana, ko za ta fito da kanta."

Wallahi na ji kunya. Da la'asar na bi gida gida ina durƙusawa. Dattijon nan ya rama son ransa: sai da na gaida shi, na tambayi matansa, 'ya'yansa, jikokinsa, sannan ya ce ai ban tambayi shanu ba. Na tambaya. Ya ba ni labarin kowace saniya da sunanta, ni ina tsugune.

Washegari suka dawo. Aka yi gaisuwa har ta ishi kowa. Da suka sunkuya kuwa, ana waƙa ana tsokanar juna, kafin la'asar babu sauran gyaɗa a ƙasa. Muna gama kwashewa ruwa ya sauko.

Ina zaune kusa da Baba a zaure muna kallon ruwan, ya miƙo hannu na ba shi usur ɗin. Ya juya shi, ya sa a aljihu. Ya ce, "Ranar da za a ɗauke ni, mutanen nan ne za su ɗauka. Kada ka hura musu komai."

Da ranar ta zo, bayan damina biyu, ban aika wa kowa ba. Kafin in iso daga Kano har sun gama haƙa kabari, suna zaune a ƙofar gida suna jirana mu gaisa.