Kwalaben Man Gyaɗa

Shekarar da na fara aiki a ɗakin gwajin sinadarai na jami'a, duk haɗin da za mu yi sai mun narkar da shi cikin wasu ruwaye masu kaifin wari, kamar tinar masu fenti. A manyan kwalabe masu ruwan ƙasa ake kawo su. In sun ƙare a jibge kwalaben bayan ɗaki.

Yayata tana yin ƙuli-ƙuli a garinmu kusa da Illela, tana kai man gyaɗa kasuwa. Kullum kukanta rashin kwalba. Da hutu ya zo na zaɓi shida, na ɗauraye su sau ɗaya, na kawo mata tsaraba. Na san ɗauraya ɗaya ba ta isa ba, amma ina saurin kama mota.

Ta shinshina ɗaya ta ce, "Auta, mi anka zuba cikin wagga?"

Na ce, "Ba komi, Yaya. Na wanke su tas."

Bayan kasuwa biyu, wata mai ƙosai a tasha, wadda ta fi kowa sayen manta, ta dawo da kwalba a gaban jama'a. Ta ce man yana warin fetur, ta yi asarar ƙullu guda, Yaya tana yi wa mutane algus. Inna ce ta ba ni labari a waya. Yaya ta zubar da man duka a rami, kuma ba ta ambaci sunana ba. Ni ma na yi shiru, shekara da shekaru.

Yanzu aikina ya sake. Muna amfani da wani baƙin garin ƙarfe, ya fi kwalli laushi nesa. A barbaɗa kaɗan cikin haɗi, a niƙa a busasshe cikin ɗan turmi, shi zai hanzarta aikin ba tare da waɗancan ruwayen ba. In an gama a janye shi da maganaɗisu, a sake aiki da shi. Ana yaba mini, wai ina kare lafiyar mutane.

Daminar bara na nuna wa Yaya yadda garin yake bin maganaɗisu ta bayan gilashi. Tana cikin dariya na ce, "Yaya, kwalaben nan, ban wanke su yadda ya kamata ba."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Na sani tun rannan. Da na hwaɗi, da an ce abin da makarantar boko ta koya maka ke nan."

Na ce zan je tasha in gaya wa mai ƙosan gaskiya, don har yau wajen wata take sayen mai.

"Kar ka soma. Bar kaza cikin gashinta."

Na bari. Kuma ba zan ɓoye ba, da ta hana ni sai na ji sanyi a raina.